Darasi na Tara: Sankarar Kaluluwa Bayan Dashen Gaɓa

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya bayyana dalilin da ya sa wanda aka yi wa dashen ƙoda, hanta, zuciya ko huhu ya fi sauran jama'a fuskantar haɗarin sankarar kaluluwa, wadda likitoci ke kira limfoma. Ana so kuma ya san waɗanda haɗarin ya fi kusa da su, ya gane alamomin cutar, ya kuma iya kafa hujja a kan cewa wannan haɗari bai isa ya hana dashe ba, bai kuma ba majinyaci damar taɓa maganinsa da kansa ba.

Maganin da ke riƙe gaɓa

A ranar 23 ga Disamba, 1954, a asibitin Peter Bent Brigham da ke birnin Boston na Amurka, likita Joseph Murray da abokan aikinsa suka cire ƙoda ɗaya daga jikin wani saurayi suka dasa wa ɗan'uwansa, wanda ciwon ƙoda ya kai gargara. Ƙodar ta kama, ya kuma rayu shekara takwas da ita. Abin da ya sa aka dace shi ne su biyun tagwaye ne da suka fito daga ƙwai ɗaya, don haka garkuwar jikin majinyacin ba ta ga baƙo a ƙodar ba. To amma ba kowane majinyaci ne Hassan mai Usaini ba. Ga sauran mutane, da zarar an dasa musu gaɓar wani, garkuwar jiki takan gane cewa ba tata ba ce, ta far mata har ta lalata ta cikin kwanaki ko makonni. Dashe bai zama magani na gaske ba sai da aka samo hanyar danne wannan garkuwa. A farkon shekarun 1960 aka fara amfani da azatiyofirin, wanda Gertrude Elion da George Hitchings suka haɗa, aka gama shi da firedinison. Daga baya saiklosforin ya zo, aka amince da shi a Amurka a 1983, sannan takrolimus a 1994. Waɗannan magunguna su ne suka mayar da dashe aikin yau da kullum, kuma wanda aka yi wa dashe zai ci gaba da shan irinsu muddin gaɓar na jikinsa.

Ba a je ko'ina ba sai likitoci suka lura da wani abu. A 1969, Israel Penn, likitan fiɗa da ke aiki tare da Thomas Starzl a Denver, ya ba da rahoton majinyata biyar da limfoma ta kama bayan dashen ƙoda. Mutum biyar ba yawa ba ne, amma a lokacin waɗanda aka yi wa dashe a duniya kaɗan ne, cutar kuma ba ta cika yawa a cikin jama'a ba. Penn ya buɗe kundin tattara bayanan duk wata sankara da ta ɓulla bayan dashe, kundin da daga baya ya koma da shi Cincinnati, ya yi ta tarawa har ƙarshen rayuwarsa. Abin da aka koya daga wannan aiki da waɗanda suka biyo bayansa shi ne jigon darasinmu, kuma ga shi a taƙaice. Limfomar da ke biyo bayan dashe daga maganin da ke kare gaɓar take fitowa, kuma haɗarinta yana hawa da sauka gwargwadon yadda aka danne garkuwar jiki. Tun da haka ne, maganinta na farko shi ne awo da lura na tsawon rai. Dashe ba ya ƙarewa ranar da aka ɗinke ciki. Abin da ake yi a shekarun da ke biye yana da nauyi daidai da fiɗar kanta.

Abin da ke faruwa a cikin jiki

Kowa ya san kaluluwa. In mutum ya ji rauni a ƙafa har ya yi ruwa, sai ya ji wani ɗan ƙullutu mai zafi ya taso masa a matsematsi. In a hannu ne, sai a hammata. In ciwon haƙori ne ko maƙogwaro, sai a ƙarƙashin haɓa ko gefen wuya. Waɗannan ƙullutai matattara ce ta wasu fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta. Biyu daga cikinsu suka shafe mu a nan. Akwai ƙwayoyin B, masu ƙera sinadaran da ke manne wa ƙwayar cuta su kashe mata ƙarfi. Akwai kuma ƙwayoyin T, masu zagaya jiki suna duba kowace ƙwayar halitta, in sun tarar da wadda cuta ta shiga ko wadda ba ta jikin ba ce, su hallaka ta. Limfoma ita ce sankarar waɗannan ƙwayoyi, wato ɗaya daga cikinsu ta riƙa hayayyafa ba ƙaƙƙautawa. Yawancin limfomar da ke zuwa bayan dashe daga ƙwayoyin B take tasowa, kuma likitoci kan taƙaita sunan rukunin da haruffan PTLD.

Akwai wata ƙwayar bairos a tsakiyar wannan al'amari, tarihinta kuma daga Afirka ya faro. A 1958, Denis Burkitt, likitan fiɗa a asibitin Mulago da ke Kampala a Yuganda, ya bayyana wata sankara da ke kumbura muƙamuƙin yara. An tarar tana bin yankuna masu zafi da damshi inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, har da Nijeriya. A 1964, Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano wata sabuwar ƙwayar bairos a cikin naman wannan sankara da aka aika musu Landan, aka sa mata suna Epstein-Barr, ko EBV. Daga baya aka gane cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na manyan mutanen duniya suna ɗauke da ita. Ta yawu ake ɗaukarta. A ƙasashenmu yawancin yara kan kamu da ita tun suna ƙanana ba tare da an ma lura ba, a Turai da Amurka kuwa da yawa sai sun kai samartaka, inda takan zo da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro da kasala. In ta shiga jiki ba ta fita. Takan ɓuya a cikin ƙwayoyin B har abada, tana kuma da ikon tunzura su su yi ta hayayyafa. Abin da ke hana hakan zama bala'i ga biliyoyin mutanen da ke ɗauke da ita shi ne ƙwayoyin T, waɗanda ke kashe duk ƙwayar B da ta fara wuce gona da iri.

A nan tsaka mai wuyar take. Ƙwayoyin T ɗin da ke tsare ƙwayoyin B su ne dai ke kai wa sabuwar ƙoda hari, kuma su saiklosforin da takrolimus da sauran 'yan'uwansu aka yi domin dannewa. Kamar a ce an ɗaure hannun makiyayi don kada ya kori baƙon da aka sauke a ruga, ga shanu kuma ga gona a gabansu. In dannewar ta yi yawa, sai ƙwayoyin B masu ɗauke da EBV su sami sarari. Da farko abin kan yi kama da kumburi mai sauƙi wanda zai iya komawa. In an bar shi, sai wasu ƙwayoyin su tara sauye-sauye a tsarin halittarsu har su zama sankara cikakkiya, wadda ba ta ƙara sauraron kowa. Shi ya sa ake kallon PTLD a matsayin matakai, daga mai sauƙi zuwa mai tsanani, kuma shi ya sa lokacin da aka gano ta yake da matuƙar muhimmanci.

Hujjojin da ke ƙasa

Hujja ta farko ita ce ƙidaya. A 2011, Eric Engels da abokan aikinsa na Cibiyar Binciken Sankara ta Amurka suka wallafa nazarin dashe 175,732 da aka yi tsakanin 1987 da 2008. Sun tarar cewa waɗanda aka yi wa dashe sun ninka sauran jama'a sau biyu wajen kamuwa da sankara kowace iri, amma a babban rukunin limfoma ninkin ya kai bakwai da rabi. Kafin su, a 2004, Gerhard Opelz na jami'ar Heidelberg a Jamus ya bi bayanan kimanin mutum 200,000, ya tarar cewa cikin shekara goma bayan dashen ƙoda haɗarin limfoma ya ninka na sauran jama'a sau 11.8, kuma ya fi tsanani a shekarar farko, lokacin da ake ba da magani mafi ƙarfi.

Hujja ta biyu ita ce bambancin da ke tsakanin gaɓoɓi. A dashen ƙoda, kimanin mutum 1 zuwa 2.5 cikin 100 ne ke kamuwa. A hanta yakan kai 5 cikin 100, a zuciya 2 zuwa 8, a huhu 3 zuwa 10, a hanji kuwa yana iya kaiwa 20. Wannan jeri ba haka kawai ya zo ba. Hanji da huhu suna zuwa da tarin ƙwayoyin garkuwa na mai bayarwa, jiki kuma ya fi tsananta musu hari, don haka ana ƙara musu magani. Zuciya kuma, in jiki ya ƙi ta, babu injin wanki da za a koma wa kamar yadda ake yi a ƙoda, don haka likita ba ya da sararin sassautawa. Inda magani ya fi yawa, nan cutar ta fi yawa.

Hujja ta uku ta fi ƙarfi, domin tana nuna abin da ke faruwa in an ƙara magani ko an rage. Lokacin da Roy Calne ya fara gwada saiklosforin a Kambirij ta Ingila, da yawa ake ba da shi, kuma a rahotonsa na 1979 mutum 3 cikin 34 sun kamu da limfoma, abin da ya kusa sa a yi watsi da maganin. Da aka koyi rage adadinsa da auna shi a jini, sai matsalar ta sauka. A 1990, Lode Swinnen da abokan aikinsa a Shikago suka duba waɗanda aka yi wa dashen zuciya a asibitinsu. Cikin mutum 75 da ba a yi wa wata allura mai ƙarfi mai suna OKT3 ba, wadda ke share ƙwayoyin T daga jini, mutum ɗaya ne ya kamu. Cikin 79 da aka yi wa, tara suka kamu, kuma haɗarin ya fi yawa ga waɗanda suka sha allurar da yawa. Ta ɗaya ɓangaren kuma, a 1984 Starzl, wanda a lokacin ya koma Pittsburgh, ya nuna cewa a wasu majinyata, da aka rage maganin ko aka dakatar da shi, ƙarin ya narke da kansa ba tare da maganin sankara ba. Sankarar da ke komawa don kawai an saki garkuwar jiki shaida ce bayyananniya a kan inda matsalar ta samo asali.

Hujja ta huɗu daga wajen fagen dashe ta zo. Da a ce gaɓar da aka dasa ce ke jawo cutar, da ba za a gan ta ga waɗanda ba a yi wa dashe ba. A 2007, Andrew Grulich da abokan aikinsa a Ostareliya suka kwatanta masu ɗauke da ƙwayar HIV da waɗanda aka yi wa dashe, mutanen da babu abin da ya haɗa su sai raunin garkuwar jiki. Cikin nau'in sankara 28 da suka duba, 20 sun ƙaru a duka ɓangarorin biyu, yawancinsu kuma masu alaƙa da wata ƙwayar cuta ne. Haka kuma a Faransa, wani nazari na 2009 a kan mutum 19,486 masu ciwon kumburin hanji ya nuna cewa masu shan azatiyofirin da danginsa sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba kusan sau biyar a haɗarin limfoma, waɗanda suka daina sha kuma haɗarinsu ya koma daidai da na waɗanda ba su taɓa sha ba. Duk waɗannan hujjoji wuri ɗaya suka nufa.

Tambayoyin da mai hankali zai yi

Wani zai ce, in haka ne ai gara mutum ya haƙura da wankin ƙoda, da ya je ya sayo wa kansa sankara. Tsoron yana da dalili, amma lissafin bai cika ba. Kalmar ninki tana da razanarwa, sai dai ninkin ƙaramin abu ƙaramin abu ne. Ninki goma sha biyu da aka ambata, in an mayar da shi adadin mutane, yana nufin cewa cikin mutum 100 da aka yi wa dashen ƙoda, wajen 98 ba za su kamu da wannan cuta ba. Sai kuma a duba abin da ke ɗaya hannun. A 1999, Robert Wolfe da abokan aikinsa suka kwatanta waɗanda aka yi wa dashen ƙoda a Amurka da waɗanda suka cancanta amma suna kan layi suna wanki. A makonni biyun farko bayan fiɗa haɗarin mutuwa ya fi yawa ga waɗanda aka yi wa dashe, amma a tsawon lokaci ya ragu da kashi 68 cikin 100, kuma an kiyasta shekarun da suka rage musu sun tashi daga kimanin 10 zuwa kimanin 20. Wannan riba ce da aka samu bayan an lissafa duk mace-macen da sankara da sauran cututtuka suka jawo. A ƙasar da injin wanki ke wadace ke nan. Inda iyali ke biyan kuɗin kowane wanki daga aljihu, sau uku a mako, har a sayar da gona da gida, kuma da yawa su kasa ci gaba bayan 'yan watanni, tazarar ta fi haka. Mai buƙatar hanta ko zuciya ko huhu kuwa ba shi ma da wani wankin da zai jingina da shi.

Wani kuma zai ce, tun da Starzl ya nuna rage magani na warkarwa, me zai hana majinyaci ya rage da kansa tun kafin cutar ta zo, musamman da yake maganin na da tsada? Wannan shi ne tunani mafi haɗari a cikin duk waɗanda za mu duba, kuma ina roƙon ɗalibai su riƙe amsarsa da kyau. Ragewar da likita ke yi tana zuwa ne bayan an tabbatar da cutar, ana yin ta mataki-mataki, ana auna aikin gaɓar a kai a kai don a ga ko jiki ya fara ƙin ta. Wanda ya rage a ɗaka ba ya ganin abin da ke faruwa a cikinsa, domin ƙoda kan yi nisa da lalacewa kafin mutum ya ji komai. Tsallake magani yana cikin manyan dalilan da ke sa a rasa gaɓa bayan shekaru. Sannan in jiki ya fara ƙin gaɓar, da me ake kwantar da shi? Da magunguna mafi ƙarfi, har da alluran da ke share ƙwayoyin T, irin waɗanda aka nuna suna ɗaga haɗarin limfoma. Wanda ya rage ƙwaya ɗaya don gudun sankara yana iya ƙarewa an ɗura masa abin da ya ninka wanda ya guda. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Akwai mai cewa, ai mu nan kusan kowa ya kamu da EBV tun yana goye, saboda haka wannan matsalar Turawa ce. Akwai ƙamshin gaskiya a farkon maganar. Wanda haɗarin ya fi yi wa yawa shi ne wanda bai taɓa haɗuwa da ƙwayar ba, aka dasa masa gaɓar mai ɗauke da ita, domin ta same shi a lokacin da garkuwarsa ke danne kuma ba ta taɓa koyon yaƙi da ita ba. Haɗarin irin wannan mutum yakan ninka na wanda ya riga ya kamu sau goma ko fiye, shi ya sa yara suka fi manya kamuwa. Saboda haka ne ma aka hana ba da belatasef, maganin da aka amince da shi a 2011, ga duk wanda bai taɓa kamuwa da EBV ba. Amma tsohuwar kamuwa rage haɗari take yi, ba ta kawar da shi, domin ƙwayar da ke kwance tana iya farkawa. Bayan haka cutar tana da zango biyu: na farko a shekarar farko bayan dashe, wanda yawanci EBV ke jawowa, na biyu kuma bayan shekara biyar ko goma ko fiye, inda kusan rabin masu kamuwa ba a samun ƙwayar a cikin ƙarinsu sam. Tsufa da daɗewa a kan magani su ne ke tura wannan na biyun, kuma bai san Bature ko Bahaushe ba. A ƙara da cewa akwai wata sankarar, ta Kaposi, mai fitowa a fata, wadda wata ƙwayar bairos daban ke jawowa in garkuwa ta yi rauni, kuma ta fi yawa a Afirka da Gabas ta Tsakiya fiye da arewacin Turai.

Wani zai tambaya, to me zai hana a kashe ƙwayar kawai a huta? Magunguna irin su asaikulobiya suna aiki ne a kan bairos da ke cikin hayayyafa, ita kuwa EBV da ke cikin ƙarin a kwance take, maganin ba ya kama ta. Har yanzu kuma babu allurar rigakafinta da aka amince da ita. Abin da ke hannu shi ne a gwada jinin mai bayarwa da mai karɓa kafin dashe, a zaɓi magani daidai da sakamakon, sannan ga masu babban haɗari a riƙa auna yawan ƙwayar a jini, in an ga tana hawa a sassauta magani tun kafin ƙari ya fito.

Akwai kuma masu ganin cewa gaya wa majinyaci duk wannan tayar masa da hankali ne kawai. Ban yarda da haka ba. Mutumin da zai sa hannu a yanka shi, ɗan'uwansa kuma ya ba da ƙodarsa, yana da haƙƙin sanin abin da ke gabansa. Kuma shi ne ke kwana da jikinsa ya tashi da shi. Likita na ganinsa sau ɗaya a wata ko wata uku, shi kuwa shi zai fara jin ƙullutu a wuya yayin alwala ko wanka. Wanda ya san ma'anar abin zai zo asibiti cikin mako. Wanda aka ɓoye wa zai shafa mai ya jira.

Alamomi, ganowa da magani

Alamomin da za a kula da su sun haɗa da zazzaɓin da ya ƙi tafiya, zufar dare mai jiƙa riga da zanen gado, rama ba dalili, kasala, da kaluluwar da ta taso ba tare da rauni ba, sau da yawa ba ta zafi, ta wuce mako biyu ko uku tana girma. A yara akan ga kumburin maƙogwaro da toshewar hanci da minshari sabo. Sai dai wannan limfoma ta sha bamban da sauran wajen son fitowa a wajen kaluluwa: a hanji, inda take kawo ciwon ciki ko jini a bayan gida, a ƙwaƙwalwa, inda take kawo ciwon kai, ruɗewa ko farfaɗiya, ko a cikin gaɓar da aka dasa, inda take kama da ƙin karɓa. Wannan na ƙarshe yana da haɗari ƙwarai, domin maganin ƙin karɓa shi ne ƙara danne garkuwa, maganin limfoma kuwa ragewa. Babu hanyar rarrabewa sai an gutsuro ɗan nama daga wurin an duba a ɗakin gwaji.

Wannan batu ya shafe mu kai tsaye. An fara dashen ƙoda a Nijeriya a asibitin St. Nicholas na Legas a 2000, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano kuma a 2002, ga kuma ɗimbin waɗanda ke tafiya Indiya ko Masar a yi musu su dawo gida. Zazzaɓi da zufar dare da rama da kumburin wuya su ne kuma alamomin tarin fuka, cutar da ta fi limfoma yawa a wurinmu nesa ba kusa ba, kuma take saurin kama masu raunin garkuwa. Abu ne mai sauƙi a ɗora majinyaci a kan maganin tarin fuka bisa zato, watanni su shige. Akwai kuma wani tarko a ciki: rifamfisin, babban maganin tarin fuka, yana sa hanta ta riƙa narkar da takrolimus da saiklosforin da sauri, adadinsu a jini ya faɗi, jiki ya far wa ƙodar. Wasu magungunan kuma, kamar eritromaisin da fulukonazol, ɗaga adadin suke yi, garkuwa ta ƙara dannuwa ba tare da kowa ya nufa ba. Don haka wanda aka yi wa dashe ba ya karɓar ƙwaya daga kemis, ko jiƙo da sassaƙe daga mai magani, sai likitan dashensa ya sani. Gwajin adadin takrolimus ma yana da ƙa'ida: ana ɗibar jinin da safe, kimanin awa 12 bayan ƙwayar dare, kafin a sha ta safe. Wanda ya sha sannan aka ɗibi jininsa ya ba likita lamba ta ƙarya, likitan kuma a kanta zai yanke hukunci.

In an tabbatar da cutar, matakin farko shi ne rage magungunan danne garkuwa a ƙarƙashin kulawa. Wannan kaɗai kan isa ga wasu, musamman waɗanda aka gano da wuri. Ga sauran akwai ritusimab, allurar da aka amince da ita a 1997, wadda ke neman ƙwayoyin B ta hallaka su. A wani gwaji da Ralf Trappe ya jagoranta, aka wallafa a 2012, an ba majinyata ritusimab sau huɗu, aka bi da zagaye huɗu na haɗin magungunan kemo, kuma cutar ta ja baya a kusan kashi 90 cikin 100, rabinsu kuma suka haura shekara shida da rabi a raye. Tun shekarun 1990 Cliona Rooney da abokan aikinta a Amurka suka nuna cewa ana iya renon ƙwayoyin T masu farautar EBV kaɗai a ɗura wa majinyaci, kuma a Disamban 2022 Tarayyar Turai ta amince da magani na farko irin wannan. Cutar mai tsanani ce, tana kuma kisa, amma tana jin magani, kuma wanda ya zo da wuri ya fi samun sa'a.

Kammalawa

Abin da hujjojin nan suka tsayar shi ne cewa babu adadin magani da ba shi da farashi. In ya yi kaɗan gaɓa ta tafi, in ya yi yawa cututtuka da sankara su sami ƙofa. Aikin likita shi ne neman mafi ƙarancin adadin da zai riƙe gaɓar, adadin kuma yana sauyawa da shekaru, da nauyin jiki, da sauran magungunan da mutum ke sha. Ba a samun sa sai da gwajin jini a kai a kai da zuwa asibiti ko da mutum na jin garau. Saboda haka iyalin da ke haɗa kuɗin dashe su sa kuɗin magani da gwaji na shekaru a cikin lissafi tun daga farko. Wanda zai tafi waje ya san likitan da zai karɓe shi a gida kafin ya hau jirgi, ya dawo da cikakkun takardunsa, har da sakamakon gwajin EBV nasa da na mai ba shi. Hukumomin da ke taimaka wa marasa ƙarfi da kuɗin fiɗa kuma su sani cewa taimakon da ya tsaya a ƙofar ɗakin tiyata bai cika ba.

Tambayoyi

1. Mene ne aikin ƙwayoyin T, kuma me ya sa danne su ke kare gaɓar da aka dasa amma yake buɗe ƙofar limfoma?
2. Kawo dalilai biyu da suka sa haɗarin ya fi yawa a dashen huhu da hanji fiye da na ƙoda.
3. Wace hujja ce ta nuna cewa raunin garkuwar jiki ne ke jawo cutar, ba gaɓar da aka dasa ba?
4. Me ya sa yara suka fi manya fuskantar haɗarin a shekarar farko bayan dashe?
5. Lissafa alamomi biyar da ya kamata su sa wanda aka yi wa dashe ya garzaya asibiti.

Aikin aji

Ku kasu gida biyu. Gida ɗaya ya kawo dalilan da kan sa majinyaci ya rage maganinsa ko ya daina zuwa asibiti bayan dashe, kamar tsada, nisa da jin sauƙi. Ɗaya gidan ya ba da amsa ga kowane dalili da hujja daga darasin, ya kuma faɗi abin da iyali da unguwa za su iya yi don taimaka masa.